Ranar da Guguwa Ta Buɗe Gidan Hajiya Memuna

Sanyi ne ya fara tarbata a Manchester, tun kafin mijina Malam ya hango ni a cikin masu fitowa daga jirgi. Ya riga ni zuwa da shekara guda, yana karatun digiri na uku a kan iska da rufin gini. Ni kuma na ajiye aikin koyarwa a wata firamare a Bichi, na biyo shi a ƙarshen shekarar 2004. Duk kayan sanyin da na zo da shi suwaita ce guda da ƙanwata ta saƙa mini, ta ce ko a Jos ta ishe ni. Kafin mu kai wurin shiga bas haƙorana sun fara kaɗawa.

Masaukinmu a Hulme yake, a can hawa na ƙarshe. Hoton da Malam ya aiko mini gida na wani flat ne mai faɗin falo da taga biyu, har na nuna wa ƙawayena. Da muka shiga sai na ga ɗaki ɗaya da ɗan lungu na girki, bangon bayan kabad ya yi baƙi saboda laima. Ashe dillalin gida ya nuna masa wancan ne, da aka sa hannu sai ya miƙa masa makullin wannan, ya ce wancan an riga an kama. Daga ranar bai ƙara ɗaga wayar Malam ba. Malam ya ce ya ɓoye mini ne don kada in fasa zuwa. Na nemi tsumma na hau goge bango.

Lokacin hunturu a ƙasar nan ba a ganin rana. Malam zai fita da duhu ya dawo da duhu. Azahar da la'asar da magariba suna bin juna kamar ana korarsu. Ina zaune bakin taga da bargo ina kallon bas-bas suna wucewa, ba mai sallama, ba mai aiko yaro neman gishiri. Na saba da hayaniyar yara a aji, sai ga ni ina wuni ban buɗe baki ba sai a salla.

A watan Janairu likitan unguwa ya tabbatar mini ina da ciki. Maimakon murna sai tsoro ya kama ni, domin sau biyu ina ɓari a gida, na biyun har sai da aka ƙara mini jini. Ban gaya wa kowa a Bichi ba sai mahaifiyata, ita ma na roƙe ta ta yi shiru.

Ba zan ce Malam ba ya kula da ni ba. Shi dai mutum ne da in abu ya shiga kansa ba ya ganin komai sai shi. Makarantar ƙauyensu kusan kowace shekara iskar farkon damina sai ta kwashe kwanonta, yara su koma gindin bishiya, kuma wannan ne ya ja shi zuwa irin karatun da yake yi. A jami'a suna da wani dogon bututu na ƙarfe da ake hura iska a ciki da manyan fankoki, su sa ƙananan gidaje na gwaji su ga ta inda rufi ke fara ɗagawa. In ya dawo muna cin abinci, sai ya kunna mini bidiyon guguwar Amurka a kwamfuta. Guguwar da na sani ita ce ta tsakar rana a filin makaranta, wadda ke kwasar leda da karmami, mata su yi a'uzubillahi ta wuce. Wannan kuwa baƙar igiya ce daga gajimare har ƙasa, tana tafiya tana cin gari.

Shi ya koya mini cewa suna da lamba, daga F0 zuwa F5. Na tambaye shi wa ke shiga ciki ya auna. Ya yi dariya, ya ce da wuya a sami na'urar da za ta tsaya a cikin irin wannan iska, saboda haka sai ta wuce ake bin sawunta, a duba abin da ta yi, daga nan a ƙiyasta ƙarfinta. In rassa ta karya, ƙarama ce. In ta cire rufi ta tumɓuke manyan itatuwa, ta kai biyu. Daga huɗu zuwa biyar su ne ake kira masu tsanani, su ne ke ɗauke gida mai ƙwari daga kan harsashinsa a bar daɓe kawai, su feɗe ɓawon bishiya, su jefa mota can nesa. Na ce to in babba ce amma ta bi ta dajin da ba kowa fa? Ya ce ai sai ta tashi da ƙaramar lamba, tunda ba ta sami abin ɓatawa ba. Daga nan na ce ya kashe, ba na son ina kallon irin wannan da ciki.

Hajiya Memuna a cikin bas na haɗu da ita, a Oxford Road, ina dawowa daga awon ciki. Ina waya da mahaifiyata ina kuka a hankali, sai na ji an dafa kafaɗata daga baya, an ce da Hausa, "Yarinya, wa ya mutu?" Na juya na ga dattijuwa mai jiki, da mayafi a kan babbar rigar sanyi. Na ce ba wanda ya mutu. Ta ce to in share hawaye, Turawa ba sa tambayar mai kuka, banza zan yi asararsu.

'Yar zangon Kumasi ce, Hausarta irin ta can wadda ba ruwanta da bambanta mace da namiji. A Birmingham take da zama, tana aikin girki a gidan kula da tsofaffi, ta zo Manchester suna ne. Ta wuce tashar da za ta sauka ta raka ni har gida. Ta hau benen nan tana haki tana tsine wa wanda ya gina shi, ta ga bangon, ta ga tukunyata, ta buɗe jakarta ta juye mini rabin abin sunan da aka ba ta. Daga ranar duk Lahadi sai ta kira ni.

Haka muka lallaɓa har watan Yuli, lokacin da bama-bamai suka tashi a London. Gari ya canja mana fuska. Malam ya daina rataya jakar baya, ya koma zuba littattafansa a leda mai nuna abin da ke ciki. Wata rana ina jiran bas wani mutum ya zo wucewa, ya dubi hijabina ya tofa yawu a gaban takalmina. Ba wanda ya tanka masa. Na koma gida, washegari na ga ɗigon jini. A asibiti aka ce ba komai, in huta, kada in riƙa hawa bene. Da Hajiya ta ji, ba ta nemi shawarar kowa ba. Ta kira Malam ta ce ya sa ni a mota ya kawo mata ni, a hannunta zan haihu. Lokacin cikin ya shiga wata takwas.

Gidansu a Balsall Heath yake, a wani layi da ke fita Ladypool Road, irin tsofaffin gidajen jan bulo da ke manne da juna. Unguwar ta kwantar mini da hankali, ko'ina mata masu lulluɓi, ga shagunan Pakistan da kuɓewa da doya a bakin ƙofa. Mutum ɗaya nake tsoro, Baturen da ke gidan kusa da mu, ƙato mai zane a hannuwa, da wani kare da yake ja da sarƙa. Bai taɓa gaishe ni ba, ni ma in na hango shi sai in koma ciki.

Mijin Hajiya, Baba Idrisu, ya yi shekaru yana aiki a wata masana'antar kayan mota har aka rufe ta. Yana da ciwon suga, amma ba ya zama. Kullum da sukudireba a aljihu, yana neman abin da ya lalace. Yana gina gida a Kumasi a hankali, ya ce da an sa tagogi zai koma, ya gaji da sanyi. Ba su da ɗa a kusa, 'yarsu ɗaya tana aure a Kanada. "'Yata" yake ce mini, Malam kuma "Injiniya". Suka ba ni ɗakin baya na sama, aka ce sau ɗaya zan hau sau ɗaya in sauko, sai dai bayan azahar nakan saci jiki in hau in kwanta saboda ya fi iska.

Ranar Alhamis ta ƙarshen watan, Hajiya tana wurin aiki. Baba ya samo gadon jariri a kasuwar gwanjo, a warwatse, ya ce in ba shi ɗakin yau zai haɗa shi. Sai na zauna a kicin ina tauna ƙanƙara, abin da cikin ya sa ni kwaɗayi ke nan. Garin ya yi wani irin zafi mai nauyi. Hadari ya haɗu, aka fara ruwa da tsawa, ban damu ba. Can sai gari ya yi duhu kamar magariba, kunnuwana suka toshe, na ji wani ruri yana tahowa kamar tirela ta ƙwace a gangara.

Abin da ya fara zuwa raina bam ne. Jiya-jiyan nan 'yan sanda suka kama wasu a birnin a kan bama-baman London, maganar da ke bakin kowa ke nan. Na leƙa taga na ga shingen katako na bayan gida ya tashi sama gaba ɗayansa, fale-falen rufi suna yawo kamar tsuntsaye. Na durƙusa tsakanin firji da bango na rungume cikina. Gilashin tagar ya fashe ya watsu a kan tebur. Sai wani abu mai nauyi ya faɗo a sama, gidan duka ya girgiza. Kafin in kai ƙarshen Ayatul Kursiyyu an gama. Ba abin da ake ji sai kukan ƙararrawar motoci a layi.

Na kira Baba, bai amsa ba. Matakalar ta cika da ƙura da baƙin toka. Na hau da rarrafe, na tura ƙofar ɗakina da kafaɗa, sai na ga sararin sama a inda silin yake. Bututun hayaƙin gidan, na bulo, ya karye ya ratso rufin ya sauka a kan gadon da nake kwana. Wani katako mai kauri ya danne ƙafar Baba daga gwiwa zuwa ƙasa, bulo a kan katakon. Idonsa biyu, ruwan sama yana sauka a fuskarsa, leɓensa yana motsi.

Da ya gan ni ya ce, "Sauka, 'yata. Ba ke kaɗai ba ce."

Ban sauka ba. Na cire ɗankwalina na ɗaure masa sama da inda jini ke fita, na gwada ɗaga katakon, ko motsi bai yi ba. Na sauko na fita layi ba takalmi ina kiran a taimaka, sai daga baya na gane da Hausa nake yi, Turancin ya gudu. Wanda ya fara zuwa shi ne mai karen. Bai tambaye ni komai ba, ya bi yatsana ya haura. Ya leƙo ta taga ya kira wasu maza biyu daga shagon kan kwana. Suka kwashe bulon da hannu, suka ɗaga katakon, suka cire ƙofar ɗakin suka ɗora Baba a kai.

Motar asibiti ba ta iya shigowa layinmu ba saboda itatuwan da suka faɗi, sai a kan ƙofar nan aka ɗauke shi har babban titi. Ina biye da su. Gidaje a jere ba rufi, ana hango gadaje da labule daga waje. Bishiya ta kwanta a kan mota ta latse ta. Mangwaro da albasa sun watsu a kwalta cikin fasassun gilasai. Mata suna tsaye da yara a hannu. Mai karen ya tuɓe rigarsa ta sama ya yafa mini a kai, ina jin ya lura kaina a buɗe yake. Cikina ya fara ɗaurewa, sai aka sa ni a motar tare da Baba. Ban ƙara ganin mutumin nan ba, ko sunansa ban sani ba.

A asibiti aka ɗaura mini na'ura a ciki. Da na ji bugun zuciyar yaron sai a sannan kuka ya zo mini. Malam ya iso da yamma a jirgin ƙasa daga Manchester, fuskarsa ta yi fari, ya zauna a kujera kusa da ni yana yi mini sannu.

Da safe wayarsa ta yi ƙara. Malamin da ke duba aikinsa ne, yana hanya da wasu abokan aiki, za su bi sawun guguwar. Malam ya tsaya a ƙarshen gadona yana juya wayar a hannu. Ya ce council, wato hukumar gari, za su fara kwashe ɓaraguzai, in an share ba abin da za a iya karantawa. Ya ce irin wannan ba lalle ta sake faruwa ba har ya gama karatu, kuma likita ya ce ni da yaron lafiya lau. Bai ce zai tafi ba, jira yake in faɗa. Na ce, "Allah ya kiyaye hanya." Ya ɗauka izini ne. Na juya fuskata bango, na ji takunsa yana sauri a baranda.

Kwanaki ya yi yana yawo a layukan nan da kyamara da tef na awo, sai da yamma ya zo yana warin toka. An zagaye gidan Hajiya da igiya, an hana shiga. Wanda ya ba su hayar gidan ya ce gyara zai ɗauki watanni, daga baya muka ji ya gyara ya zuba wasu 'yan haya. Council suka ba Hajiya wani ɗan flat na ƙasa a Erdington, nesa da duk wanda ta sani, can aka kai ni da aka sallame ni.

Ranar Lahadi mutanen Ghana suka cika falon, sun zo jaje. A safiyar ranar likitoci suka gaya wa Hajiya cewa ƙafar Baba ba ta karɓar magani saboda sugan, wataƙila sai an yanke. Ni kaɗai ta faɗa wa. Ana cikin hira wani dattijo ya tambayi Malam, tunda aikinsa ne, wace irin iska ce wannan. Malam ya gyara zama, muryarsa ta koma ta aji. Ya ce a ma'aunin Amurka F2 ce, a na Ingila kuma, wanda ya fi yawan matakai, tana tsakanin biyar da shida. Ya ce a nan babba ce ƙwarai, amma ba ta cikin masu tsanani. Ya ce yawancin ɓarnar ma tsufan gidajen ne, simintin da ke riƙe bulo ya zama gari, rufin kuma ba a ɗaure shi da bango ba, ajiye shi kawai aka yi. Har yana nuna yadda rufi ke ɗagawa da tafin hannu.

Hajiya tana bakin ƙofa da faranti. Ta ajiye shi a hankali, ta ce, "To, Allah mun gode da ba babban ne ya zo ba." Ta koma kicin. Har yau ban san ko godiyar ce tsantsa ko da wani abu a ƙarƙashinta ba.

Da baƙi suka watse na ce Malam ya raka ni in taka ƙafa. Muka bi babban titin Erdington, shaguna duk a rufe. A wata rumfar jiran bas na zauna na faɗa masa duk abin da ke cikina. Na ce ya bar ni a gadon asibiti ya tafi auna bulo. Na ce mutumin da ya karɓi matarsa kamar 'yarsa zai rasa ƙafa, shi kuma yana gaya wa mutane ƙaramar iska ce. Tunda muka yi aure ban taɓa yi masa magana haka ba.

 Sannan ya ce gida na uku da suka shiga ranar farko shi ne na Hajiya, an ba su hular kwano aka bar su suka hau. Ya ga ɗankwalina a ƙasa da jini. Ya ga matashina a ƙarƙashin bulo, daidai inda kaina yake zama. Aka ce ya riƙe bakin tef, ya riƙe, ya karanta lamba, ya rubuta. Da suka fito sai ya zauna a matakala, Turawan suka ɗauka ƙura ce ta shaƙe shi.

Ya ce, "In na daina aunawa, ɗakin nan nake gani. Ban san yadda zan yi ba, Hafsatu."

Na yarda da shi. Amma yarda daban, hucewa daban. Na ce da ya gaya mini haka tun ranar, da ya fi mini duk bayanin da ya yi wa baƙi. Muka koma gida.

A makon da ya biyo aka yanke ƙafar, ƙasa da gwiwa. Ni kuma na haihu a ƙarshen Agusta, namiji, lafiyayye. Hajiya ta raba kanta biyu. Da asuba ta tafasa ruwa a buta ta cika baho ta yi mini wanka da tawul, tana mitar ba ganye a ƙasar nan, ta dama mini koko, sannan ta hau bas biyu zuwa wurin mijinta, daga can ta wuce aiki. Na ga wuyanta ya zube a 'yan makonnin nan. In na ce ta huta sai ta ce in ta zauna tunani zai kashe ta.

Ranar suna ba mu yi taro ba. Muka naɗe yaron muka kai shi asibiti, ma'aikatan suka ja mana labule. A nan Malam ya faɗi sunan, Idrisu. Ko ni bai gaya wa ba. Danginsa duk suna jiran sunan mahaifinsu marigayi, yayansa ya yi watanni ba ya amsa wayarsa a kan haka. Baba ya karɓi yaron ya yi masa addu'a, ya tauna dabino ya shafa masa a baki. Bai yi murmushi ba, ya dai riƙe shi har sai da aka ce lokacin ziyara ya ƙare.

Ina so in ce Baba ya warware, amma bai warware ba. An ba shi ƙafar roba, ya ce tana cinsa, ya jingine ta a bayan ƙofa. Mutumin da ba ya zama ya koma wuni a gaban talabijin. Famfon kicin ya yi ta ɗiga bai ko dube shi ba. Ya riƙa yi wa Hajiya faɗa a kan abin da bai kai ba. Aka aiko daga Kumasi an sa tagogi, ya ce a zuba 'yan haya, shi ba zai sauka daga jirgi a keken guragu mutanen zango suna kallonsa ba.

Bayan arba'in na koma Hulme. Duk ranar da iska ta kaɗa tagar nan ta sama sai in ɗauki yaro in sauka ƙasan matakala in zauna, maƙwabta suna wuce ni. Malam ya gama karatunsa, hotunan Balsall Heath suka zama babi guda a littafin digirinsa, aka yaba masa a kansu. Ya kawo mini in gani, na ce ya ajiye. Muna zaune lafiya har yau, ya kuma ɗaure rufin makarantu da dama da ƙarfe tun dawowarmu, amma safiyar nan ta asibiti ba mu ƙara tayar da ita ba.

Da za mu taho gida a 2007 muka je Erdington sallama. Baba yana kan kekensa a bakin ƙofa, ya sa wa takwaransa hannu a ka. Na ce in Allah ya yarda za mu dawo mu gan su. Hajiya ta ce kada in faɗi haka, duk wanda ya tafi haka yake cewa, in dai riƙa ɗaga waya.

Muna Zariya, shekara ta zagayo da 'yan watanni, wata Lahadi da hantsi ina tsince shinkafa waya ta yi ƙara. Hajiya ce. Ta gaishe ni yadda ta saba, ta tambayi Injiniya, sannan ta ce Baba ya rasu ranar Juma'a, an binne shi a can Birmingham. Ita ce ma take ba ni haƙuri. Na tambaye ta ko za ta koma Kumasi ko wurin 'yarta, ta ce ba ta sani ba tukuna, ba ta son ta bar shi shi kaɗai cikin sanyi.

Sai ta ce in ba ta maigidanta. Haka take kiran Idrisu tun yana zanin goyo, irin wasan kaka da jika. Na kira shi daga tsakar gida, ya zo da ƙasa a hannu, na kanga masa wayar a kunne. Bai san muryar ba, ya tsaya yana kallona. Ina jin ta daga inda nake, a hankali take magana.

"Maigida, ka ci abinci? Ka ci da yawa ka girma. Yanzu kai kaɗai ka rage mini."